Gidan Haya na Gilashi

Ran da aka yi gwanjon otal ɗin bakin gada
wasu suka kwashi kujeru, wasu fankoki,
ni na ɗauko akwatin gilashi a kan jaka tara,
Tasalla jikata na tallafe da shi a amalanke
har ƙofar gidanmu a Rumde Ajiya.

Na shimfiɗa masa yashin Binuwai, na cika shi da ruwa,
na je wa masu koma na ce: kowane iri, ku ba ni 'yan ƙanana.
Kawara goma sha ɗaya masu walƙiyar sabuwar dala,
ɗan tsage guda, bai wuce tsawon yatsana ba,
da talibambam mai idon mamaki.
Na kwana ina ji da kaina, ni ne Sarkin Ruwan Garwa.

Da asuba kawara huɗu suka rage.
Ɗan tsage na tsaye a tsakiya, tumbi a gaba,
kamar bai san zancen ba.
Na huɗun ma wutsiyarsu ta zama tsumma,
talibambam ya yi musu aski cikin dare.
Tasalla ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ƙi shan kokonta.

Sai ga Cindo masunci daga Lagado, ya kawo banda kasuwa.
Ya leƙa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Ya ɗora yatsansa na shida a jikin gilashin ya ce:
Malam, launi ka duba, ba ka dubi baki ba.
Duk abin da zai shige bakin kifi, sunansa tuwo,
ko da tare suka taso.
Kuma kada ka tambaye shi girmansa na yau,
tambayi uwarsa.

Ya ce ruwa hawa uku ne, kamar gidan bene.
Akwai mai son sama inda ƙwaro ke faɗowa,
akwai 'yan tsakiya masu tafiya a ayari,
in ka raba su da 'yan'uwa sai su rame don kewa,
akwai mai sharar ƙasa.
Ba kowa hawansa, ka huta da shari'a.

Karfasa fa? Mutuniyar kirki ce, in ji shi,
sai ran da za ta yi ƙwai: ta haƙa rami, ta tumɓuke ciyawa,
ta kori kowa zuwa lungu.
Minjirya? Bar ta can. Mai wuta a jiki ba ta da maƙwabci,
ko da Garwa duk ta kwana a duhu.
Baƙo kuma ya yi mako biyu a bokiti tukuna,
ka ga ko da cuta ya zo.

Da la'asar muka kai ɗan tsage ƙarƙashin gada.
Ban yi masa faɗa ba, haƙorinsa ba shi ya zaɓa ba.
Ya shige ruwan bai waiwayo ba.
Talibambam ya samu tsohuwar randa shi kaɗai,
yana kumbura abinsa, ba mai tanka masa.

Yanzu kawara tara ne, suna juyawa tare kamar zare a allura.
A ƙasa ƙurungu biyu na gemu, cikin fasasshiyar tukunya,
ɗayansu rigingine yake iyo, ciki sama,
Tasalla ta ce rufin ɗaki yake dubawa ko yana yoyo.
In zafin bazara ya yi zafi, wuta ta ɗauke, kumfa ta tsaya,
ni da ita muke karɓa-karɓa da moɗa,
mu ɗebo, mu tsiyayo daga sama, har su daina haki.
Kowace safiya tana ƙirgawa. Tara. Biyu.
Sannan ta sha koko.

Jiya wani saurayi ya zo neman ɗakin zaure haya,
da riga mai sheƙi, da gaisuwa har ƙasa.
Yana ta magana, ni kuwa na kama kaina
ina kallon bakinsa.